Hapis da Garkuwar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigimar Abinci a Cikin Sel

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa, wasu daga ɗaliban kiwon lafiya a nan Sakkwato, wasu daga mutanen da ƙurajen leɓe ko na gaba suka hana sakat. An sa musu lamba don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mene ne hapis? Cuta ɗaya ce?

Dangi ne na ƙwayoyin cutar bairos, kuma takwas daga cikinsu ne aka saba lissafawa a matsayin masu kama ɗan Adam. Akwai HSV-1 mai kawo ƙuraje masu ruwa a leɓe, da HSV-2 da ya fi fitowa a al'aura. Akwai mai kawo ƙarambau, wanda idan ya farka bayan shekaru yake fito da ƙuraje masu zafin wuta a jere a gefe ɗaya na jiki. Sai CMV (cytomegalovirus) da EBV (Epstein-Barr), da HHV-6 da HHV-7, da kuma wanda aka gano a 1994, mai haddasa ciwon dajin Kaposi.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2016 ya nuna kusan mutum biliyan 3.7 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da HSV-1, wato biyu cikin uku. Mafi yawansu tun suna yara suka samu, ta yawu, kuma ba su taɓa sanin suna da shi ba. Don haka wanda ƙuraje suka fito wa a leɓe bai yi wani abin kunya ba.

2. Me ya sa idan ya shiga jiki ba ya fita?

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma ban da wannan baƙon. Bayan ƙurajen farko sun warke, HSV-1 yakan bi jijiya ya koma wani kulli na jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da jin taɓawa a fuska. HSV-2 kuma yakan sauka a kullin jijiyoyi na ƙasan gadon baya. A can yake kwanciya lamo. Ba ya hayayyafa, kusan ba ya ƙera komai, don haka garkuwar jiki ba ta da abin kamawa sosai, magani ma haka (duba tambaya ta 11). Jiki kuma ba ya son rusa sel ɗin jijiya, wato ƙwayoyin halittarta, domin idan ya mutu da wuya a samu madadinsa. Sai aka zauna zaman doya da manja: garkuwa na gadi a bakin ƙofa, baƙo na jiran ta yi gyangyaɗi.

3. Mece ce alaƙar bairos da yadda sel ke sarrafa abinci?

Ɗauki sel, wato ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita, a matsayin gida mai rumbu da madafi. Sukarin gulukos da kitse da sinadaran gina jiki suna shigowa, a dafa wasu a samu kuzari, a ajiye wasu don gini da gyara. Murhun gidan shi ne maitokondiriya. Kuzarin da ake samu kuwa ana riƙe shi ne a wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne kuɗin da sel ke kashewa a kowane aiki. Idan aka ƙona gulukos ɗaya sarai a murhu ana samun ATP wajen 30. Idan aka tsaya a matakin farko kawai, 2 ake samu, amma saura ya zama kayan gini.

Bairos ba shi da rumbu, ba shi da tukunya, ba shi da ko itace. Abin da ya zo da shi kawai umarni ne a rubuce cikin DNA, an naɗe shi da kwanson furotin da mayafin kitse. Kafin ya haifi dubban irinsa, dole gidan ya ba shi tubalin DNA, ya ba shi injin ƙera furotin, ya ba shi kitsen yin mayafi, ya kuma biya kuɗin aikin da ATP. Wanda ya riƙe mabuɗin rumbu shi ke da rinjaye, kuma kusan duk sauran amsoshin nan bayani ne kan yadda ake ƙwace mabuɗin.

4. To me hapis ke yi wa madafin sel idan ya shiga?

Yana sauya abin da ake dafawa, amma kowane ɗan dangi da abin da yake kwaɗayi. Masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun nuna a 2006 da 2008 cewa CMV yana sa sel ya zuƙi gulukos fiye da ƙima, ya karkatar da shi zuwa ƙera kitse. A 2011 aka kwatanta shi da HSV-1, sai aka ga shi HSV-1 ya fi tura abincin wajen ƙera tubalin DNA. Wannan ya dace da halinsu. HSV-1 mai gaggawa ne, cikin ƙasa da kwana ɗaya ya gama zagayensa ya kashe sel. CMV kuwa yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, yana kumbura sel, yana raya shi don ya ci gaba da yi masa bauta. Daga kumburin nan ma sunansa ya samo asali.

Ɗalibai sukan lura cewa wannan zuƙar sukari ta yi kama da abin da Otto Warburg ya gani a sel ɗin ciwon daji a shekarun 1920. Haka ne, kuma dalilin ɗaya ne: mai gini yana buƙatar bulo fiye da wutar murhu.

5. Ta yaya sel ke gane baƙo ya shigo, kuma mene ne intaferon?

DNA na da ɗakinsa a cikin sel. Idan aka tsinci DNA yana yawo a tsakar gida, to akwai matsala. Wani furotin mai suna cGAS, wanda Zhijian Chen da abokan aikinsa suka bayyana a 2013, shi ke cafke irin wannan DNA, ya ƙera ɗan saƙo ya miƙa wa wani furotin mai suna STING, shi kuma ya sa sel ya fara fitar da intaferon.

Intaferon shela ce. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957. Shi da kansa ba ya taɓa bairos. Fita yake daga sel ɗin da aka kama ya isa maƙwabta, su kuma da jin shelar sai su buɗe ɗaruruwan umarnin da ke rufe a DNA ɗinsu su ƙera sunadaran kariya. Muhimmancin intaferon ya fito fili lokacin da Jean-Laurent Casanova da tawagarsa suka gano a 2006 da 2007 cewa wasu yaran da HSV-1 ya shiga ƙwaƙwalwarsu an haife su ne da naƙasu a ɗaya daga hanyoyin da ke tayar da intaferon.

6. Yaya waɗannan sunadarai ke yaƙar bairos ta hanyar abinci?

Da yawa daga cikinsu dabararsu ita ce su yashe rumbu kafin ɓarawo ya ɗiba. SAMHD1 yana farfasa tubalin DNA da ke ajiye a sel, ta yadda bairos zai zo gini ya tarar babu bulo. Wannan ya fi tasiri a sel ɗin da ba sa rabuwa, irin manyan sel ɗin garkuwa masu haɗiye ƙwayoyin cuta, domin dama ajiyarsu kaɗan ce. PKR kuma idan ya hango alamar bairos sai ya kashe injin ƙera furotin gaba ɗaya, na baƙo da na mai gida. Akwai OAS, mai tayar da wani furotin, RNase L, da ke yayyaga takardun umarni na RNA ba tare da tambayar na wane ne ba.

Ta ɓangaren kitse, intaferon yana rage ƙera kolestarol a sel, abin da masu bincike a Edinbara suka nuna a 2011 suna aiki da CMV na ɓeraye. Yana kuma tayar da CH25H, wanda ke juya kolestarol zuwa wani sinadari da ke sauya fatar sel yadda mayafin bairos zai kasa narkewa a cikinta ya shiga. Sai IDO, wanda ke cinye tiriftofan, ɗaya daga sinadaran gina furotin da jiki ba ya iya ƙerawa sai dai ya samu daga abinci.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake kyauta. Gidan da ya zubar da hatsinsa don kada ɓarawo ya samu, shi ma zai kwana da yunwa. Shi ya sa jiki ba ya barin intaferon a kunne kullum, kuma yaran da aka haifa da lalataccen SAMHD1 sukan yi fama da wata cutar ƙwaƙwalwa da yawan intaferon ke haddasawa, ba tare da wani bairos ya shige su ba.

7. Idan kariyar ta kai haka, me ya sa hapis ke samun shiga?

Domin ya daɗe tare da mu, kuma ya zo da guzurinsa. HSV-1 na da umarnin ƙera furotin sama da 70, kaso mai tsoka daga ciki kuma na warware abin da ke tambaya ta 6 ne. Idan sel ya rage tubalin DNA, shi yana da injinan ƙera tubali nasa na kansa, ciki har da wani mai suna TK wanda za mu sake haɗuwa da shi a tambaya ta 11. Wannan ne ya ba shi damar hayayyafa har a sel ɗin jijiya, inda ajiya ba ta da yawa. Idan PKR ya kashe inji, wani furotin nasa, ICP34.5, yakan ɗauko ma'aikacin sel ɗin ya sa shi ya sake kunnawa. CMV da EBV kuma suna da abin da ke liƙa wa SAMHD1 alama ya daina tare su.

Har murhun ma bai tsira ba. HSV-1 na ƙera UL12.5, wanda ke lalata ɗan DNA ɗin da maitokondiriya ke da shi na kansa. Sai dai a nan akwai ramuwa: idan DNA ɗin murhu ya tsiyayo tsakar gida, cGAS yakan ɗauke shi a matsayin alamar haɗari ya ƙara buga shela.

8. An ce akwai furotin ɗin kariya da ke komawa yana taimakon bairos. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a ganina shi ne labari mafi daɗi a fannin nan. Sunansa baiferin. Peter Cresswell na Jami'ar Yale da abokin aikinsa ne suka raɗa masa suna a 2001, kuma idan sel ya riga ya tanade shi kafin CMV ya iso, yana rage hayayyafar bairos ɗin. Amma an lura da wani abin ɗaure kai: CMV da kansa yake sa sel ya ƙera baiferin. Wane ɓarawo ne zai tashi mai gadi daga barci?

Amsar ta fito a 2011. CMV na da furotin mai suna vMIA da ke kama baiferin ya ja shi zuwa maitokondiriya. A can sai baiferin ya toshe injin ƙona kitse. ATP ya ragu, ginshiƙan da ke riƙe da siffar sel suka saki, bairos ya samu sauƙin zirga-zirga. Bayan shekara biyu aka ƙara nuna cewa sel ɗin da ya ji kuzarinsa ya yi ƙasa yakan ƙara janyo gulukos, ya ƙara ƙera kitse, wato daidai abin da CMV ke nema don mayafinsa (tambaya ta 4). Reshe ya juye da mujiya.

Sai a 2018 aka gano ainihin sana'ar baiferin: yana ɗaukar tubalin RNA na gaske ya mayar da shi na jabu, wanda idan wasu bairos irin su Zika suka sa a gininsu sai ginin ya tsaya. Darasin da nake so ɗalibi ya riƙe a jarrabawa shi ne kada ya rubuta “baiferin yana kashe bairos” ya ajiye alƙalami. A tambaya tukuna: wane bairos, a wane ɗaki na sel, kuma wa ya riga wani isowa?

9. Kasala da ciwon gaɓoɓi da rashin cin abinci, bairos ne ke kawo su ko garkuwa?

Galibi garkuwa. Shaida ita ce masu ciwon hanta da ake yi wa allurar intaferon: babu sabon bairos a jikinsu, amma sukan yi zazzaɓi da ciwon jiki da mutuwar jiki kamar masu mura mai tsanani, wasu har da baƙin ciki mai nauyi. Ana danganta wani ɓangare na wannan da IDO, domin daga tiriftofan ɗin da yake cinyewa ne ƙwaƙwalwa ke ƙera sinadarin serotonin, mai hannu a daidaita walwalar mutum. Zazzaɓi ma na da tsada: kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau, kuzarin da jiki ke ƙonawa na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100.

10. “Ni da na yi zazzaɓin cizon sauro sai wanga abu ya fito min a leɓe. Mi ya haɗa su?”

Sauro bai kawo maka shi ba, dama yana nan a kwance (tambaya ta 2). Zazzaɓi mai zafi, gajiya, damuwa, al'adar mata da zafin rana a kan leɓe duk suna iya tayar da shi. A Sakkwato kuwa duk muna da su: damina da sauronta, bazara da ranar da ke wuce digiri 40, hunturu da tsagewar leɓe. Mai kabu-kabu ko manomin fadama da ke wuni a rana zai amfana da malafa da man leɓe mai kare hasken rana. Mafi yawan masu wannan larura sun san alamar farko, wani ɗan ƙaiƙayi ko zugi a wuri ɗaya kafin komai ya fito. Lokacin ne magani ya fi aiki.

Zazzaɓin cizon sauro na da wata alaƙa mafi muni da wani ɗan dangin, EBV. Yawan kamuwa da shi a yarinta yana raunana tsaron da jiki ke yi wa EBV, haɗuwar biyun kuma tana da hannu a dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. A cikin wannan ƙari ne aka fara ganin EBV a 1964.

11. Yaya maganin hapis mai suna Acyclovir ke aiki, kuma me ya sa ake cewa a fara da wuri?

Shi ma tubalin jabu ne, irin dabarar baiferin (tambaya ta 8), sai dai na DNA. Ya fito ne daga ɗakin binciken Gertrude Elion, wadda ta samu kyautar Nobel a 1988. Idan ka haɗiye shi, a lafiyayyen sel kusan ba ya yin komai. Sai ya shiga sel ɗin da bairos ke ciki, inda TK ɗin bairos, wanda ya kawo don ya tsere wa yunwa, zai ɗauka tubali ne na gaske ya kunna shi. Da an sa shi a jerin DNA sai ginin ya tsaya cak. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Tunda sai ana gini yake aiki, ba ya taɓa bairos ɗin da ke kwance a jijiya, kuma idan ginin ya riga ya kammala amfaninsa kaɗan ne. Shi ya sa ga ƙurajen da ke biyo bayan ƙarambau ake so a fara cikin awa 72. Ta ƙoda yake fita, kuma idan babu isasshen ruwa a jiki yana iya daskarewa a cikinta. A zafin garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka rubuta wa shi sau biyar a rana a watan azumi ya gaya wa likita yana azumi, kada ya haɗe duka tsakanin buɗa-baki da sahur da ra'ayin kansa.

12. Na sha maganin sanyi iri-iri, ƙurajen gaba na dawowa. Me ya sa?

Kalmar “sanyi” ta zama buhun da ake zuba komai, kuma abin da aka fi miƙo wa mutum a kemis kafso ne na kashe bakteriya. Bakteriya na da madafinta, maganin kuma shi yake rusawa. Bairos ba shi da madafi (tambaya ta 3), don haka babu abin da kafson zai samu. Ƙurajen kan warke da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai a yaba wa abin da aka sha na ƙarshe, ko kafso ne ko jiƙo. A je a duba lokacin da ƙurajen ke nan, a kuma yi gwajin HIV, domin HSV-2 yana ƙara haɗarin kamuwa da shi kusan ninki uku.

13. Tunda rigimar ta abinci ce, in daina shan sukari ko in sayi maganin ƙara garkuwa?

A'a ga duka biyun. Abin da ake magana a kai yana faruwa ne a cikin sel ɗaya ɗaya. Ko ka wuni ba ka ci komai ba, hanta za ta riƙe sukarin jininka a ma'auni, bairos kuma zai samu rabonsa. Ƙwayoyin laisin (wani sinadarin gina furotin) da ake tallatawa ma hujjarsu ba ta da ƙarfi.

Inda abinci ke da tasiri na gaske wurare biyu ne. Na farko ciwon suga da ba a kula da shi ba, wanda ke ƙara haɗarin farkawar bairos ɗin ƙarambau. Na biyu tamowa. Sel ɗin garkuwa da kansu sai sun ci sun ƙoshi kafin su hayayyafa, don haka yaron da yunwa ta rame ba shi da abin yaƙi. Idan irin wannan yaro ya samu gyambo a dasashi, baki na wari, kunci ya fara kumbura, kada a ce ƙurajen zazzaɓi ne a zauna. Yana iya zama cutar noma, wadda ke cin fuska cikin kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominta a cikin garin Sakkwato.

14. Yaushe ne ba a jira gobe?

Jaririn da bai kai wata biyu ba idan ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa. Garkuwarsa ba ta nuna ba, hapis kuma na iya bin jininsa. Ranar suna jariri na yawo hannu zuwa hannu, to duk mai ƙurji a leɓe ta yi haƙuri da sumbatarsa, ko da kakarsa ce. Mai ciki da ƙuraje suka fito wa a gaba, musamman karon farko a watannin ƙarshe, ta faɗa a wurin awo.

Sai ido: jan ido ɗaya mai zafi da ƙin haske, ko ƙuraje a goshi da kan hanci. Kada a ɗiga maganin ido mai sitiroyid ba da umarnin likitan ido ba, domin yana danne garkuwar wurin ya bar bairos ya ci baƙin ido. Na ƙarshe, zazzaɓi da ruɗewa ko sauyin hali ko farfaɗiya. A nan za a fara zaton sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wasu ma su ce iska ce, amma HSV-1 na cikin lissafi, kuma idan ba a ba da Acyclovir ta jijiya ba yana kashe kusan 7 cikin 10. Irin wannan sai babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

15. Wannan ilimi ya haifar da sabon magani?

A ɗakin gwaji, toshe ƙera kitse yana durƙusar da CMV. Matsalar ita ce madafin da za a kashe na mai gida ne, don haka abin da ya yi aiki a kwalba ba lalle ya yi a jikin mutum ba tare da ɓarna ba. Kada wani ya sha maganin rage kolestarol da sunan maganin hapis.

Inda aka ci riba a zahiri ta wata fuska ce. An ɗauki HSV-1 aka cire masa ICP34.5 (tambaya ta 7). Ba tare da shi ba, PKR na lafiyayyen sel yakan kashe inji ya bar shi a tsaye. Sel ɗin daji da yawa kuwa sun riga sun lalata hanyar intaferon da PKR ɗinsu, don haka a cikinsu yake iya hayayyafa har ya fasa su. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan T-VEC, ana yin allurarsa kai tsaye a cikin ƙarin dajin fata.